Legalon 140: me yake tsinana wa hanta da ƙodar mai karɓar kemo?

Da zarar an ɗora mai ciwon daji a kan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, 'yan dubiya kan fara kawo shawarar "maganin wanke hanta", kuma Legalon na cikin waɗanda ake ambata. Kafso ne na kamfanin Madaus na Jamus. Sinadarinsa, silymarin, ana tatso shi daga 'ya'yan wata ƙaya mai fure shunayya. Akwai mai miligiram 70, akwai mai 140, wanda akan sha sau biyu ko uku a rana. Wajen inganci ba shi da makusa, don an san abin da ke cikin kowane kafso, ba kamar jiƙe-jiƙen gora ba. Illarsa ba yawa: kumburin ciki, sakin bayan gida, jefi-jefi ƙaiƙayi. Mai ciwon suga ya kula, yana iya ɗan sauke suga.

A kan hanta, hujjarsa ba ta taka kara ta karya ba. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an wallafa shi a 2010 a Amurka, kan yara 50 masu sankarar jini da kemo ya taɓa musu hanta. An ba su sinadarin wannan ƙaya kwana 28. A rana ta 28 ba a ga bambanci ba, sai a ta 56 awon AST, wani awon jini da ke hawa in hanta ta taɓu, ya ɗan sauka. Alama ce mai daɗi, amma ba ta kai a ce garkuwa ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro a Arewa shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba. Kemo, musamman maganin da ake kira rituximab, yana karya garkuwar jiki, ƙwayar da ke kwance ta farka, ido ya yi ɗorawa, hanta ta gaza. Legalon ba ya taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan. Abin yi shi ne awon jini na gano ƙwayar, wato HBsAg da anti-HBc, kafin zagayen farko na kemo. In an samu, likita ya fara ba da maganin danne ƙwayar, entecavir miligiram 0.5 ko tenofovir 300 kullum, a ci gaba aƙalla wata 12 bayan gama rituximab.

Ƙoda kuwa, nan ne dogaro da kafson ke da haɗari sosai. Cisplatin, ɗaya daga cikin magungunan kemo, yana taruwa a siraran bututun ƙoda ya ƙona su, sinadarin magnesium da jiki ke buƙata ya riƙa zuba ta fitsari. Ba a gane ɓarnar ranar. Sai bayan kwana uku zuwa biyar creatinine, awon jini da ke nuna aikin ƙoda, ke hawa. Kariyar da ta tabbata ƙarin ruwa ce: ledar ruwan gishiri lita ɗaya zuwa biyu kafin allurar, haɗe da magnesium sulfate, wani ruwan kuma bayanta, har fitsari ya kai kamar mililita 100 a awa. A ajiye roba mai ma'auni a gefen gado, a riƙa rubutawa. In ƙoda ta riga ta yi rauni, akan koma wani maganin kemo, carboplatin.

Ɓarnar ta fi faruwa a gida. Amai ya hana shan ruwa, ga zafin Afrilu, ga ciwon jiki, sai a aika yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, wani ma a yi masa allurar gentamicin. Waɗannan ke ƙarasa ƙodar. Mai karɓar maganin kemo na methotrexate mai yawa shi ma ya nisanci Septrin da omeprazole, don suna riƙe maganin a jini.

Wanda ya ga dama ya sha Legalon, ya fara kai kwalin ga likitan da ke ba shi kemo. Amma in kuɗin ba za su isa duka biyu ba, a biya awon creatinine, magnesium, da awon hanta na ALT da bilirubin kafin kowane zagaye, a bar kafson a kemis.