Gargaɗi kan masu tallan "narkar da kitsen haɓa cikin sati ɗaya"

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya ga wannan rubutun ya tura wa 'yan uwa, musamman mata don su aka fi ɗana wa tarkon nan, duk da maza ma ba su tsira ba. Tallan maganin kitsen ƙasan haɓa ya cika ko'ina yanzu, Facebook ne, Instagram ne, TikTok ne, har a WhatsApp sai ka ga ana ta turo shi. Wai kirim ki shafa da dare, wai bel da za ki ɗaure daga haɓa har tsakar kai ki kwana da shi, wai shayi, sai kuma wadda ta fi tayar min da hankali, wato allura. Duk alkawarin ɗaya ne, sati ɗaya haɓa ta koma siririya. Wallahi damfara ce.

Shi kitsen nan a ƙarƙashin fata yake kwance, babu wani mai da za ki shafa a sama ya ratsa ya je ya narkar da shi, iyakarsa ya sa fatar ta yi laushi ko ki ji ta ɗan ɗame na wasu awanni. Kuma ba ƙiba kaɗai ke kawo shi ba, wani gado ne, za ki ga yarinya siririya amma da ninkin haɓa irin na mahaifiyarta, wani shekaru ne suka sa fatar wuya ta saki, wani kuma ƙashin haɓarsa ne ƙarami tun halitta. To ta yaya kwalba ɗaya za ta yi maganin duk waɗannan? Ko rage ƙiba mutum yake yi, jiki ne ke zaɓar inda zai fara ragewa, ba kai ba.

Hoton "kafin" da "bayan" da suke rikita mutane da shi kuwa, ki gwada da kanki yanzu. Ki riƙe waya a saitin ƙirji, ki sunkuyar da kai ki ɗauka. Sai ki ɗaga wayar sama da goshi, ki miƙo wuya gaba kaɗan, ki manna harshe a saman baki daga ciki, ki fuskanci haske ki sake ɗauka. Shi ke nan kin samu naki kafin da bayan a minti ɗaya, ba ki shafa komai ba. In kun lura da hotunansu da kyau za ku ga riga ɗaya ce, ɗan kunne ɗaya, har ƙurjin da ke kumatun yana nan bai motsa ba, amma wai wata guda ne tsakani. Ga filta kuma, ga bidiyon likitan bogi da aka haɗa da kwamfuta, baki na motsi daban murya daban.

Bel ɗin nan matse wurin kawai yake yi, da kin cire zuwa anjima komai ya dawo. Shayin kuma galibi maganin gudawa ne da na sa fitsari, ruwan jikinki ke fita ba kitse ba. An sha kama irin kayan rage ƙiban nan da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a Amurka da Turai tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Amma a cikin duk waɗannan, allurar ce ta fi zama abin tsoro. Eh, akwai allurar gaskiya, a nan suke fakewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da wata allura mai suna Kybella a 2015, wasu ƙasashen Belkyra ake ce mata, sinadarin deoxycholic acid ne da ke fasa ƙwayoyin kitse. Sai dai likita ne ke yi, sai ya duba ya auna ya zana wurin, ana iya kaiwa zama 6 kuma tsakanin kowane zama aƙalla wata ɗaya, kuma ko a hannun ƙwararre wurin na kumbura sosai, ya yi tauri, ya mutu na ɗan lokaci. Sinadarin bai san kitse daban fata daban ba, duk abin da ya taɓa lalata shi yake yi. Akwai wata jijiya da ta bi ta gefen muƙamuƙi, ita ke motsa leɓen ƙasa, in allura ta same ta sai murmushi ya karkace, wasu har haɗiya ke yi musu wuya. Wannan abin ne fa wasu ke saidawa a intanet haɗe da sirinji, su turo miki bidiyo wai ki yi wa kanki a gaban madubi, ko a ce ki zo shagon kwalliya wata da ta yi kwas na kwana biyu ta tsira miki. Innalillahi.

A Disamban 2023 FDA ta fitar da gargaɗi kan allurai na narkar da kitse da ba ta amince da su ba, ta ambaci Aqualyx, Lipodissolve, Lipo Lab da Kabelline, ta ce ta samu rahoton tabo na dindindin, ciwo mai ruɓa, da ƙulluttai masu zafi. A 2024 ma hukumar magunguna ta Suwizalan ta gargaɗi mutane kan wata allurar narkar da kitse mai suna Lemon Bottle, don da ta gwada sai ta tarar abin da ke cikin kwalbar bai yi daidai da abin da aka rubuta a jiki ba.

Na ga wata baiwar Allah da aka yi wa irin wannan a gida. Ƙasan haɓarta ya yi ja ya kumbura kamar ta ɓoye ƙwai, gefe ɗaya ya fashe yana fitar da mugunya, in ta yi magana leɓen dama ba ya sauka. Da ta tura wa mai kayan hoto sai aka ce mata wai kitsen ne ke fita, ta ƙara oda. Da ta matsa sai suka yi bulokin ɗinta, washegari shafin ya canza suna ya ci gaba da talla da hotunan nan dai.

Wani abu kuma da ba za su taɓa faɗa muku ba, ba kowane kumburi a wuya ne kitse ba. Maƙoƙo ma haka yake farawa, kaluluwa ma haka, masu shan ƙwayoyi irin su dexamethasone don su yi jiki su ma fuska da haɓa ke fara cika musu. Ki yi ta shafa kirim wata da watanni alhali asibiti ya kamata ki je, musamman in kumburin a gefe ɗaya yake, ko yana da tauri, ko yana motsi in kin haɗiyi yawu.

Ta ɓangaren kuɗi ma ku kula. Su ce kyauta ne kuɗin kawowa kawai za ki biya, ki sa lambar katinki, daga nan duk wata sai a cire miki. Su ce saura guda biyar, ragin zai ƙare yau da dare, gobe ki duba yana nan. Ki tambayi sunan kamfani da lambar rajistar hukumar magunguna sai kame-kame, sai "shigo inbos hajiya". Kwament duk yabo ne iri ɗaya don masu ƙorafi gogewa ake yi.

In an riga an yi miki allurar kuma kin ga wurin ya yi ja yana zafi, ko zazzaɓi, ko baki ya karkace, ko numfashi da haɗiya na yi miki wuya, don Allah kar ki ji kunya kar ki jira, ki tafi asibiti da kwalbar a hannunki likita ya ga abin da aka zuba miki. In kati kika sa, ki kira bankinki a toshe shi yau. Ki adana sikirinshot na hirarku da shaidar biya kafin su goge, ki kai ƙarar shafin, ki kuma sanar da hukumar kula da magunguna ta ƙasarku.