Jirgin yamma daga Kano zuwa Legas: ba a ba mu shayi ba amma na yafe

Satin da ya wuce na bi jirgin yamma daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas, sunan kamfanin dai bari in sakaya. Jinkirin kusan awa ɗaya muka sha a ƙasa ba wanda ya ce mana uffan, a nan kam sifili na ba su.

Bayan mun tashi da kamar minti ashirin, har an turo keken shayi, sai ga muryar kyaftin yana cewa jirgin da ke gabanmu ya kai rahoton gargada mai tsanani a hanya, don haka zai kewaye, kowa ya ɗaure bel, ma'aikata su ma su zauna. Nan take aka mayar da keken aka kulle. Wani Alhaji a bayana ya ja tsaki wai kuɗin tikitinsa har da na shayi, ga sama garau ta taga, ina gargadar take?

To ai matsalar kenan, rada ɗin jirgi, wato na'urar da ke hango yanayin gaba, ruwan da ke cikin hadari take gani, iskar da ke hautsinewa a sararin da ba gajimare ba ta ganinta, sai wanda ya riga ya shiga ya faɗa wa masu kula da zirga-zirgar jirage su kuma su sanar da na baya. Ni tun abin da ya sami jirgin Singapore Airlines a watan Mayun 2024 na daina wasa da maganar nan, daga Landan ya taso ana cikin rabon karin kumallo a saman Myanmar ya yi ƙasa da kusan mita 54 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, waɗanda ba su ɗaure ba suka bugi rufi, wani dattijo ɗan shekara 73 ya rasu, dole aka sauka a Bangkok.

Mu duk da kewayen sai da muka taɓa gefenta, jirgi ya riƙa tsalle kamar akori-kura a hanyar ƙauye, salati ta ko'ina, Alhajin shayi ya fi kowa ɗaga murya.

Inda suka gaza shi ne sanarwar da Turanci kawai aka yi, da sauri kuma. Hajiyar da ke gefena carbi a hannu, bel a kwance a cinya, ta ce "ɗan nan me yake cewa ne?" Na ce "Hajiya cewa ya yi a ɗaure, kawo in ja miki." Jirgin da ya tashi daga Kano a ce ba mai maimaitawa da Hausa, haba.

Tauraro huɗu cikin biyar, uku daga ciki na kyaftin ne. Zan sake bin su amma na safe, da damina hadari ya fi haɗuwa da yamma.