Tsinken Auna Zafin Iska: Na Gwada Shi a Wurare Biyu a Jirgina

Tsinken auna zafin iskar waje yana cikin ƙananan kayan da mai haɗa jirgin sama da hannunsa ke saya. Ƙarfe ne siriri da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da zare a gindinsa, da noti da washa, sai waya da ke tafiya zuwa kwamfutar allon matuƙi. Jirgina mai kujeru biyu ne, fikafikansa a ƙasa suke, kuma na yi ta shawagi da tsinken nan cikin sanyi da cikin zafi. Shi kansa ba ni da abin kushe masa. Kafin in ɗaura shi sai da na tsoma shi a kofin ruwa cike da dakakkiyar ƙanƙara, na juya, allo ya sauka ya tsaya a sifili. Maganar duk tana kan inda za a huda masa rami, kuma nan ne takardar da ta zo da shi ta yi rowar bayani. Ta ce a nisanta shi daga zafin inji da hasken rana, daga nan ta yi shiru.

Masu haɗa jirage sun daɗe suna gardama a kan wannan rami. Da yake kwamfutata tana karɓar tsinke biyu, sai na sayi biyu, domin gani ya kori ji. Ɗaya na sa a ƙarƙashin fiffike. Ɗayan na sa a cikin kafar shigar iska da ke gefen jikin jirgi, wato kafar nan mai siffar da NACA, tsohuwar hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, ta fito da ita a 1945, wadda ke kai iska mai sanyi ɗakin matuƙi. Mutane da yawa nan suke zaɓa, kuma na fahimci dalilinsu. Wayar gajeriya ce, aikin ba ya cin lokaci, tsinken yana ɓoye a cikin loko, ba mai tuntuɓe da shi.

Da safe, jirgi yana inuwa, ba a tayar da inji ba, su biyun bakinsu ɗaya, kuma sun yi daidai da rahoton yanayi na filin jirgi. Inji na yin ɗumi sai su fara rabuwa. Na gefen jikin ya riƙa nuna zafi fiye da na fiffiken da 'yan digiri, kuma tazarar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. In ina hawa sama, hanci a ɗage, inji na aiki da dukkan ƙarfinsa, sai ta buɗe. In na rage wuta ina gangarowa, sai ta tsuke. Wannan shi ya fi damuna, domin da kuskuren tsayayye ne, da an gyara shi a saitin kwamfuta an huta. Tsinken da lambarsa ke hawa da sauka tare da wutar inji, to injin yake aunawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar da ke sanyaya inji tana bi ta kan silindojin da zafinsu ke kaiwa digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyos, ta fita ta ƙasan murfin inji, wata kuma ta sulale ta gefunan murfin inda ya haɗu da jikin jirgi. Farfela ba ta tura iska a miƙe, murɗa ta take yi, sai ta naɗe wannan ɗumin a jikin jirgin ta kai shi har bakin kafar. Ga kuma gindin tsinken yana cikin ɗakin matuƙi, kusa da bangon da ya raba ɗakin da inji, ƙarfe kuwa yana jan zafi daga gindi zuwa baki.

Wani zai ce, in tazarar ta kai digiri biyar, me za su yi? A lissafin ainihin gudun jirgi cikin iska, ba su da yawa: ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato ƙasa da kilomita 3 a awa ga jirgin da ke gudun kilomita 280. Amma a lissafin kaurin iska, wanda shi ke gaya maka tsawon titin da za ka ci kafin ka tashi da yadda jirgi zai hau, kowane digiri ɗaya yana daidai da kamar ƙafa 120 na tsayi. Digiri biyar sun zama ƙafa 600 ke nan. Lissafin ƙarfin da inji ke bayarwa shi ma da wannan lamba yake aiki. Abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne ƙanƙara. A mizanin yanayi da matuƙan jirgi ke lissafi da shi a duniya, zafi digiri 15 ne a daidai teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Mutum yana sama kusa da gajimare, allo ya nuna masa 4 alhali iskar tana ƙasa da sifili, ya saki jiki a daidai wurin da ruwa ke daskarewa a fiffike. Ƙananan jiragenmu ba su da abin narkar da ita.

Na ƙarƙashin fiffiken shi ne ya riƙe gaskiya. Na sa shi can waje, ya wuce iyakar da'irar farfela, inda iskar ba ta taɓa inji ko salansa ba, kuma fiffiken da kansa ya yi masa inuwa. Ramin na huda shi a fatar fiffiken, dab da marfin da ake kwancewa a duba ciki, yadda hannu zai shiga ya riƙe notin daga sama. Kada a huda marfin kansa. Duk shekara za a kwance shi wajen binciken lafiyar jirgi, ya riƙa reto a jikin siririyar waya, wata rana ta tsinke. A kuma kauce wa bayan bututun auna gudu in mai hita ne, da kusa da zoben da ake ɗaure jirgi da igiya, domin igiyar na iya lanƙwasa shi.

Wahalarsa ita ce waya. Wadda ta zo da shi ba ta kai ba, sai da na ƙara, na kuma sa mahaɗi a gindin fiffike saboda ranar da za a cire fiffiken. Na raba hanyarta da ta wayar fitilar walƙiya, na sa roba a kowane ramin da ta ratsa don kada ƙarfe ya goge ta. Wanda bai rufe fiffikensa ba tukuna, ya ja wayar nan yanzu. Bayan an rufe, aikin kwanciya rigingine ne da tura hannu a makance. Akwai masu sa tsinken ƙarƙashin ƙaramin fiffiken wutsiya, musamman in akwatin na'urorin yana can baya. Ni ban zaɓi wurin ba, saboda har can iskar farfela ke kaiwa, hayaƙin salansa kuma ta cikin jirgi yake bi ya nufi baya.

Ko a wuri mai kyau, akwai abu biyu da ya kamata a sani. In jirgi ya daɗe a ajiye kan kwalta mai zafi, hucin ƙasa zai ɗaga lambar, sai an fara tafiya take komawa daidai, don haka kafin tashi da rahoton filin nake lissafi. Na biyu, iskar da ke bugun tsinken da gudu tana ɗan ɗumama shi; a gudun kilomita 280 abin na iya kaiwa kusan digiri 3. Wasu kwamfutocin suna cire wannan da kansu, sai a duba littafin nata a ga wace lamba take nunawa.

Tsinken gefen jikin na kwance shi, na toshe ramin da roba, na mayar da shi ƙarƙashin ɗaya fiffiken a daidai wurin da ɗan'uwansa yake. Yanzu a hawa da gangara da miƙaƙƙiyar tafiya, tazararsu ba ta wuce digiri ɗaya.