Bindigar kaboyi da ba ta tashi: abin da na gani bayan wata takwas da sayenta

Tun ina ɗan firamare a Tudun Wada ta Gusau, in aka sa fim ɗin kaboyi, sauran yara dawaki suke kallo, ni kuwa hannun jarumin nake bi da ido. Zai tura libar da ke ƙarƙashin bindiga gaba, ya dawo da ita baya, ka ji ƙaras-ƙaras, kwanson harsashi ya yi tsalle ta sama, wani sabo ya shige gurbinsa. Duk wannan da hannu ɗaya, cikin ƙiftawar ido. Na girma, na zama malamin koyar da aikin ƙarfe, amma son sanin yadda cikin wannan bindiga ke aiki bai bar ni ba.

Saboda haka da na ci karo da tallar ƴar gajeruwarta a Facebook, wajen wani mai sayar da kayan adon falo a Abuja, na kasa wucewa. Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya yi min mummunar fahimta: kwaikwayo ce, ba ta harbi, ba ta da inda harsashi zai bi, bututunta a toshe yake tun daga masana'anta. An yi ta ne don rataya a bango, ko don masu shirya fim. Aiki ya kai ni Abuja, na je shagon da kaina, muka yi ciniki ya sallama a naira 95,000. Kuɗi ne masu nauyi ga malamin makaranta, na sani, kuma sai da na yi wata uku ina tarawa.

Turawa na kiranta Mare's Leg, wato ƙafar goɗiya. Asalinta doguwar bindiga ce ta kamfanin Winchester, samfurin 1892, wadda John Browning ya zana. Masu shirya wani wasan talabijin na Amurka mai suna Wanted: Dead or Alive, da aka nuna daga 1958 zuwa 1961, su suka datse bututunta, suka rage gindinta, suka faɗaɗa zoben libar, domin jarumin wasan, Steve McQueen, ya riƙa rataya ta a cinya. Har harsasan da ke jere a ɗamararsa ba nata ba ne, an zaɓi waɗanda suka fi nata girma ne don su cika ido a hoto. Ke nan tun ranar da aka haife ta, don kallo aka yi ta. Mai harbi na gaskiya ba shi da inda zai jingina ta a kafaɗa kamar doguwa, kuma ta fi ƙarfin a riƙe ta da hannu ɗaya kamar fistol.

Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne dabarar liba ɗin da Winchester ta gada ta biyo ne ta kan ƙaramar bindigar hannu. Horace Smith da Daniel Wesson sun ƙera irinta a shekarun 1850, ita ce aka sani da Volcanic. Ba ta yi kasuwa ba, don harsashinta ba shi da ƙarfi. Oliver Winchester, wanda ya zuba kuɗi a kamfanin, ya karɓe ragamarsa, Benjamin Tyler Henry ya gyara ƙirar ya fito da doguwa a 1860, daga nan ta Winchester ta biyo baya a 1866. Sai ga shi bayan kusan shekara ɗari ƴan fim sun sake gajarta ta.

To, yaya take a hannu? Tsawonta kamu guda da ɗan ɗori. Na ɗora ta a sikelin mai shagon unguwarmu, ta haura kilo ɗaya da rabi, nauyin da ba za ka zata ba in ka gan ta a hoto. Ƙotar katako ce ta gaske, an goge ta ta yi sumul, kalar ƙasa-ƙasa mai duhu, tana zama a tafin hannu daram. Akwai ɗan zoben ƙarfe a gefe, irin wanda mahaya ke ɗaure wa igiya a jikin sirdi. In ka tura liba, ƙarfen sama ya zamo baya ya kwantar da ɗan maburgin da ke bugun harsashi, ka dawo da ita komai ya rufe, ka ja kunama ka ji ƙas. A nan kam ban yi asarar kuɗina ba. Daren farko na kwance ta gaba ɗaya a kan tabarma, na jera kusoshin a murfin kwano don kada su ɓace, na zana kowane ɓangare a littafina. Abin da na shekara arba'in ina hasashe, na gan shi da idona: motsi guda na hannu yana yin aiki uku a jere. Ko da yake an sauƙaƙa cikinta ƙwarai, bai kai na gaskiyar sarƙaƙiya ba, ya isa mutum ya gane dabarar.

Aibunta kuwa ba su jima ba suka bayyana. Ƙarfen ba baƙin ƙarfe ba ne, zubi ne na haɗin tutiya, aka shafe shi da baƙin fenti. Wata biyu kacal fentin ya fara koɗewa a cikin zoben liba, inda yatsu ke gogawa, farin ya fito. Kusar da ke riƙe da libar tana kwancewa da kanta, duk bayan ɗanawa talatin ko arba'in sai na ɗaure ta, har na gaji na naɗa wa zarenta ɗan tef na masu aikin famfo, sannan ta zauna. Da hunturu ya shigo katakon ya bushe, ƙotar ta fara ɗan girgiɗi a inda ta haɗu da ƙarfe, ƙura kuma ta shiga ciki kana ɗanawa kana jin gurzar yashi. Man keken ɗinki ɗigo biyu yana maganin wannan. Kada wanda ya saya ya ce zai juya ta a yatsa kamar yadda kaboyi ke yi, domin ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake, kuma in ya karye babu mai walda da zai haɗa maka shi ya koma daidai. Mai shagon ya nuna a tallarsa tana tofar da kwanso, da na buɗe kwali babu ko ɗaya, ya ce ai daban ake sayensu, kuma sun ƙare. Har yau bai kawo ba. Kube ma babu, wani baduku a Tsohuwar Kasuwa ya ɗinka min na jar fata bayan na kai masa awo a takarda.

Awo a takarda na kai masa, ita ɗin ban fita da ita ba. Dalilin haka ya samo asali ne tun daga ranar da na taho da ita gida.

Motar haya na shiga, muka bi Kaduna, Zariya, Funtuwa. Tun daga tasha na sa ta a kwalinta, da rasiɗi manne a sama, na kuma ƙudurta cewa duk shingen da aka ce a buɗe kaya, ni zan fara faɗa kafin a gani. Bayan mun wuce Funtuwa, kafin mu kai Tsafe, aka tsayar da mu aka ce kowa ya sauko ya tsaya kusa da kayansa. Na matsa kusa da jami'in na ce, "Yallaɓai, akwai abin da nake so in nuna maka da kaina. Bindigar ado ce, ba ta tashi, ga takardar saye." Fuskarsa ta canja nan take. Ya ce in ajiye kwalin a ƙasa, in ja da baya taku biyar, in ɗaga hannu. Na yi yadda ya ce. Da ya buɗe, wata dattijuwa da muka taho tare tun daga Abuja, wadda muka ci gyaɗa ɗaya da ita a hanya, ta dafe ƙirji tana salati, ta janye jikanta daga kusa da ni.

Mun kai awa biyu a wurin. Babbansu ya zo, ya haska bututun da fitilar waya, ya zura tsinke ya ji ya tokare, ya ɗana ya sake ɗanawa, ya duba katin aikina, ya kira lambar mai shagon. Daga ƙarshe ya miƙo min ya ce, "Malam, ni na gane ba ta harbi saboda na riƙe ta a hannu, da rana tsaka. Wanda zai hango ka da ita da magariba ba zai zo ya zura tsinke ba." Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne fasinjoji goma sha da na jawo wa yamma a hanyar da kowa ke addu'ar ya wuce ta da sauran rana. Daga nan har Gusau babu wanda ya sake ce min uffan.

Ga wanda ke tunanin ta gaskiyar, gara ya san matsayin doka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin su adaka, kwamishinan ƴan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Na farauta irin na bature suna hannun Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna rukuni ɗaya da makaman soja, sai da izinin shugaban ƙasa. Ita wannan, a Amurka a matsayin fistol kamfanoni ke ƙera ta suna sayarwa. Ko a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'ar Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kai, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, fitowa ya yi ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Mutum ɗaya ne ya kalle ta da irin idon da nake kallonta, shi ne kawuna, tsohon maƙeri kuma maharbi, wanda ya baro ƙauyensu ta wajen Maru shekara huɗu da suka wuce, yana zaune da mu. Na kai masa ita ɗakinsa bayan isha'i. Ya karɓa da hannu biyu, ya auna nauyinta, ya ƙwanƙwasa bututun da farce ya kasa kunne. "Ɗan nan, wagga ba ƙarhe ba ta," in ji shi, "zubi na." Sai ya tura liba a hankali, a hankali, yana leƙen yadda ƙarfen sama ke ja da baya. Ya maimaita ya fi sau goma bai ce komai ba. Shi da ya saba da ɗura albarushi ta baki, a tura tsumma, a daka da sanda, a zuba ƙarafa, a sake dakawa kafin a samu harbi ɗaya. Can ya ɗago ya ce, "Wanda ya yi tunanin wanga abu, Allah ya ba shi kai." Muka raba dare yana ba ni labarin yadda ake zaɓen itacen ƙota, da yadda a da in an ce ƴan bindiga, ana nufin mutanen sarki masu buga adaka ranar hawan salla, yara na binsu a guje suna shaƙar hayaƙin albarushi. Wannan dare kaɗai ya biya ni rabin kuɗina.

Da farko a bangon falo na rataye ta, a kan ƙusa biyu, sama da talabijin. Uwargida ba ta so ba, ta ce, "Malam, baƙi na shigowa gidan nan, ba kowa zai tsaya tambaya ba." Na ce ai gida ne, kowa ya san ni. Yarana maza biyu kuwa sun matsa sai sun fita da ita ranar salla, kamar yadda sa'o'insu ke yawo da na roba, na hana, kuma ban sassauta ba.

Akwai yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya da muke riƙo, ɗiyar ƙanwar matata. An kawo ta ne bayan an shiga garinsu da dare. Ba ta cika magana ba, mu ma ba ma tambayarta abin da ta gani. Wata Asabar da hantsi ina zaune a falo na sauko da bindigar ina shafa mata mai, na ɗana don man ya ratsa. Ban san tana bayan labule da tiren shayi ba. Ƙaras-ƙaras ɗin nan da nake so tun ina yaro, shi ta ji. Tiren ya faɗi, kofuna suka tarwatse, kafin in miƙe ta shige bayan kujera ta dunƙule, hannuwanta biyu a kan kunnuwanta, jikinta na ɓari. Ko kuka ba ta yi ba. Na ajiye abin a ƙasa, na durƙusa nesa da ita ina cewa, "Ɗiyata, Baba ne, ba kowa, Baba ne." Sai da matata ta zo ta rungume ta, ta daɗe tana tofa mata addu'a, sannan ta yarda ta fito. Kwana uku ba ta shiga falon ba.

A ranar na zare ƙusoshin daga bango.

In ana maganar ƙira, kaya ne mai kyau daidai kuɗinsa, in ka ɗauke fentin da ke koɗewa da kusar da ke kwancewa. Masu shirya fim a Kano ko Kaduna, waɗanda ke da takardar izinin ɗaukar hoto kuma suke sanar da jami'an tsaro kafin su fita, za ta yi musu amfani sosai, don a kyamara ba ta da maraba da ta gaske. Amma magidanci a Gusau, ko Ƙaura, ko Talatar Mafara, mai iyali da maƙwabta da baƙi daga ƙauye, ban ba shi shawarar ya saya ba, ko da an rage masa rabin kuɗin. Na so in kai ta makaranta in nuna wa ɗalibaina yadda liba ke aiki, na fasa, na yanka kwali da katako na yi musu samfurin cikin kawai, ba bututu ba ƙota, kuma sun gane darasin.

Yanzu tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon kawu, a naɗe da tsohon rawani, makullin yana wurina. Duk ƙarshen wata, in yara sun tafi islamiyya, mukan rufe ƙofa mu fito da ita, in ɗiga mata mai, shi kuma ya riƙe maburgin da babban yatsa ya sauke shi a hankali don kada ya yi ƙara.