Hattara da masu tallar injin esfireso mai liba a farashin banza

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da Instagram, har ta fara shiga zaurukan WhatsApp, kuma masu sha'awar gahawa take farauta. Talla ce mai kyan hoto: injin haɗa esfireso, wato gahawa mai kauri da ake tacewa da matsi, irin mai liba (mariƙin da ake ja da hannu), yana ta sheƙi, an rubuta wai shagon zai rufe ne shi ya sa ake kakkaɓe kaya, an zabtare kashi 80 ko 90 cikin ɗari na kuɗin. A ƙasa ga agogo yana ƙirga mintunan da suka rage, ga rubutu wai saura guda uku. To babu shagon, babu injin. Hotunan na sata ne, daga shafukan kamfanonin gaske aka kwaso su, ko daga wurin mutanen da suka ɗora hoton nasu na gida.

Abin da ya sa wannan tarko yake kama mutane shi ne yawancinmu a bidiyo muka san injin, ba mu taɓa ɗaga shi da hannu ba. Wanda bai san abu ba, bai san kuɗinsa ba, kuma ba shi da tambayar da zai yi wa mai sayarwa. Don haka bari in fara da shi kansa injin.

A Milan ta Italiya aka ƙirƙire shi. Achille Gaggia ne ya yi rajistar fasahar a 1947, injinan suka shiga kasuwa a 1948. Kafin nan tururi ne ke tura ruwa ta cikin garin gahawa, ƙarfinsa bai wuce bar ɗaya da rabi zuwa biyu ba (bar ma'aunin matsi ne), ga ɗaci da ƙauri. Gaggia ya sa fistin da sifirin, mai shago ya ja liba, ruwan ya ratsa da matsi wajen bar 8 zuwa 10, sai ga kumfar nan mai launin ƙasa-ƙasa a saman kofi. Na gida da ya fi shahara shi ne Europiccola na kamfanin La Pavoni, wanda ya fito a 1961, sai Professional mai babbar tukunya da agogon matsi a 1974. Akwai Cremina na kamfanin Olympia a Suwizalan, akwai Microcasa a Leva na Elektra. Daga baya aka samu marasa tukunya, waɗanda kai za ka tafasa ruwa a buta ka zuba: Flair daga Amurka, da Robot na kamfanin Cafelat da Paul Pratt ya fitar daga Hon Kon a 2018.

Duk cikinsu babu mai famfo. Hannunka ne famfon, ko sifirin ɗin da hannunka ya danne. Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan ɓarayin suka fi tona wa kansu asiri. Su ba su san injin ba, bayanin da suke liƙawa ƙarƙashin hoton daga tallar wani inji daban suke kwafo shi. Sai ka ga hoton La Pavoni, a ƙasa an rubuta wai yana da famfo mai bar 15 ko 20, wai maɓalli ɗaya za ka danna, wai yana niƙa 'ya'yan gahawa da kansa. Na ga wata da ta ce ana iya zuba masa gahawar gwangwani mai narkewa a ruwa. Duk wanda ya taɓa jan liba sau ɗaya a rayuwarsa ba zai rubuta haka ba.

Sai batun kuɗi. Europiccola sabo ba ka samunsa ƙasa da Yuro 500 a Turai, sau da yawa ma ya haura haka nesa. Cremina ya wuce Dala 3,000. Robot yana wajen Dala 400, kuma ƙaramin Flair ne kaɗai ke sauka kusa da Dala 100. Dalili kuwa, masu tukunyar nan tagulla ce da ƙarfe zalla, kuma ba sa faɗuwa a kasuwa: wanda aka ƙera tun shekarun 1970, in yana da lafiya, har gobe rububinsa ake yi. Shagon da zai rufe da gaske, waya ɗaya zai buga dillalai su kwashe kayan a rabin kuɗi. Me zai kai shi biyan kuɗin talla don ya nemo ka a Kano ko Zariya ya ba ka a Dala 60?

Ga yadda wasan ke tafiya, kamar yadda ya faru da wani abokin aikina da ya saba da esfireso lokacin da yake karatu a waje. Ya danna tallar, aka kai shi wani shafi mai tambarin kamfani da hotunan katunan banki jere a ƙasa. Da ya zo biya, kati ya ƙi shiga. Nan take saƙo ya shigo masa ta WhatsApp daga wani wai wakilinsu na Najeriya, cikin ladabi kamar ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, katunan Naira ne ke ba da matsala, amma muna da asusu a nan gida, ka tura ta can kawai." Asusun na mutum ne, sunan da ke kai bai yi kama da na shagon ba. Ya tura. Aka aiko masa da rasit da lambar bibiyar kaya, da wani shafi da zai riƙa dubawa, shafin kuma yana nuna kaya sun bar Milan, sun sauka Legas. Su ne suka gina shafin, abin da suka ga dama shi yake nunawa.

Kuɗin farko ba shi ne abin da suke nema ba, ɗanɗano ne. Bayan kwanaki sai ga kira: "Alhaji, kayanka sun iso lafiya, amma kwastam sun riƙe, sai an biya kuɗin fito yau, in ba haka ba gobe za a fara lissafin kuɗin ajiya." Kuɗin fiton ya fi na injin. In ka biya, sai inshora ta taso. Bayanta sai wata takardar shaida da aka ce doka ta wajabta wa kayan lantarki. Kowane biya ana ce maka shi ne na ƙarshe, kai kuma kana duban abin da ka riga ka zuba, zuciya ta ƙi yarda a bar shi ya tafi. Abokin nawa ya farga ne a kan inshorar, da ya ce a ba shi adireshin ofis ɗan'uwansa da ke Legas ya je ya ga kwalin da idonsa. Daga nan layin bai ƙara shiga ba.

Harajin kwastam gaskiya ne, ana biyansa. Amma ta banki ake biya da takardar hukuma, ko kamfanin jigilar da ya ɗauko kayan ya ba ka takardar caji mai sunansa, wadda za ka iya tabbatarwa a ofishinsa ko a shafinsa na ainihi. Ba a tura shi asusun wani bawan Allah don ya kira ka a waya yana gaggawa.

Akwai masu wayo fiye da waɗannan. Su suna karɓar kati, kuma suna aiko da kaya, sai dai abin da zai iso ƙaramin ƙunshi ne, cokalin awo na roba ko wani tarkace. Manufarsu lambar bibiya ta nuna an isar da saƙo, don in ka kai ƙara banki su ce ga shaida. Europiccola ya kai kilo biyar, saboda haka in ɗan aike ya miƙo maka abin da bai kai nauyin burodi ba, ka duba nauyin da aka rubuta a jikin takardar, ka ɗauki hotonsa, ka kuma buɗe shi kana ɗaukar bidiyo.

Rukuni na uku su suka fi ba ni haushi, domin injin na hannunsu da gaske. Masu sayar da na hannu ne, ɗan Beljiyam, a ce maka "kamar sabo, Bature ne ya yi amfani da shi sau biyu." Ba duka ne macuta ba, akwai masu amana sosai a cikinsu. Amma wanda ya san kayansa daga Amurka ya zo, an yi shi don wuta mai bolt 110 zuwa 120, ya kuma yi shiru ya bar ka ka jona shi a wutarmu ta 230, wannan ya cuce ka, domin elemen ɗin ƙonewa zai yi. In ka ce za ka sa masa tiransifoma mai rage wuta, ka sani injin yana jan wajen wat 1,000, ba ƙaramar da ake sa wa rediyo ce za ta ɗauke shi ba. Wannan lissafin ya shafi mai sola da inbata ma.

Sauran aibobin ɓoyayyu ne ga mai kallon hoto. La Pavoni an san shi da yin tsatsa a gindinsa, ƙarƙashin farantin da ruwa ke ɗiga, sai a goge sama a bar ƙasa. Cikin tukunya kan tara farin ɓawo idan an daɗe ana zuba ruwa mai nauyi, irin na wasu burtsatsenmu. Robobin fistin suna bushewa su tsage, wannan gyara ne mai sauƙi in an samu kayan, to amma sai ka san zamanin injinka: waɗanda aka ƙera kafin wajen shekarar 2000 kwandon da ake zuba garin gahawa a cikinsa faɗinsa milimita 49 ne, na baya 51, kuma kayan wannan ba sa shiga wancan. Mai sayarwa da ya kasa gaya maka wanne ne nasa, ko bai sani ba ne ko ba ya so ka sani. Tsofaffin Cremina kuma an naɗe tukunyar wasunsu da asbestos, abin da ƙurarsa ke lahanta huhu, ba kayan da za a ba yaron shago ya kankare da wuƙa ba ne.

Ba a cinikin biri a sama. Kafin sisinka ya fita, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ba wanda aka naɗa aka turo ba. Ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da injin. Ya juya shi ka karanta takardar da ke liƙe a ƙasa ko a gefen gindinsa, inda aka rubuta bolt da wat. Tun injin yana da sanyi ya buɗe murfin tukunya ya haska tocila ciki. Sannan ya zuba ruwa, ya kunna, ya haɗa kofi ɗaya kana kallo. Ka tambaye shi: mai sifirin ne ko na hannu zalla? A La Pavoni da Cremina na asali liba tana kwance a ƙasa, ɗaga ta ake yi ruwa ya shiga, sannan a danne da ƙarfin hannu. A mai sifirin irin Elektra tana tsaye a sama, sai a jawo ta ƙasa a sake ta, sifirin ya yi aikin. Mai kaya zai amsa wannan yana dariya. Ɗan damfara zai ce kyamararsa ta lalace, ko kayan suna sito, ko akwai wani Alhaji a Abuja da ke jiran ya tura kuɗi yanzun nan.

Na lura kuma mai gaskiya yakan kushe kayansa da bakinsa. Zai gaya maka jikin injin yana zafi ƙwarai, a nisanta shi da yara. Zai ce kada ka kuskura ka buɗe murfin tukunya alhali akwai tururi a ciki. Zai ce bayan kofi biyu ko uku kan injin yakan yi zafi fiye da kima, gahawar ta fara ɗaci, don haka ba na gidan biki ba ne. Zai kuma ce in ba ka da injin niƙa mai kyau, wanda kuɗinsa kan yi kusa da na injin kansa, to ka haƙura tukuna. A ganina mai farawa a ƙasar da wuta ba ta da tabbas ya fi dacewa da irin Robot ko ƙaramin Flair, tunda buta da risho sun ishe su, kuma babu elemen da zai ƙone. Su ma ana tallarsu a shafukan bogi, saboda haka ka shiga shafin kamfanin da hannunka, ka duba dillalan da ya amince da su, kada ka bi ta mahaɗin da ke cikin talla.

Binciken shafi ba ya cin minti goma. Ka sa hoton a Google Lens ka ga wurare nawa ya fito. Ka duba ranar da aka yi rajistar adireshin shafin ta WHOIS, wato rumbun bayanan adiresoshin intanet: shagon da ke cewa ya shekara talatin yana ciniki amma adireshinsa na watan jiya ne, ai ya gama gaya maka komai. In sun ce kamfanin Najeriya ne, ana iya neman sunansa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko da yake rajista kaɗai ba shaidar amana ba ce. Ka biya ta hanyar da za a iya janyo kuɗin. Kati yana da damar ƙorafi ta bankinka, galibi cikin kwana 120, PayPal kuma, wato wata hanyar biyan kuɗi ta intanet, kwana 180, amma ban da kuɗin da aka tura ta sashen 'yan'uwa da abokai, wanda shi ne ɓarayin ke roƙon a bi. Tiransifa zuwa asusun mutum, kirifto da katin kyauta, waɗannan in sun tafi da wuya su dawo.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada ya tsaya jin kunya. Ya kira bankinsa a ranar, ya ba da lambar asusun da ya tura wa kuɗi da rasit, ya nemi a sanar da bankin da ya karɓa, domin kuɗin ba sa kwana a asusun farko. Ya ɗauki hoton hirarrakin da tallar kafin a goge su. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, wannan laifi ne ƙarƙashin dokar damfara ta 2006. In mai sayarwar yana da shago a Najeriya kuma ya ɓoye aibin kaya, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar koke. In ya shigar da lambobin katinsa a shafin, a toshe katin ko da biyan bai shiga ba, don sau da yawa ƙin shigar da gangan ne, lambobin suke so.

Bayan haka ya shirya wa kira na biyu. Wani zai bugo, ko ya rubuto ƙarƙashin ƙorafin da ka wallafa, ya ce shi jami'i ne ko ƙwararren kwamfuta mai ƙwato kuɗin da aka sace, ɗan kuɗin aiki kawai za ka fara turawa. Ko dai mutanen farko ne da sabon layi, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. Banki da hukuma ba sa neman ka tura kuɗi asusun wani kafin su saurari kokenka, kuma ba sa tambayar lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes.