Altra Lone Peak a doguwar tafiyar ƙasa: inda ya yi daɗi da inda ya gaza

A hanyar Appalachian Trail ta Amurka, mai kusan kilomita 3,500 daga Jojiya zuwa Main, matafiya da yawa sun ajiye but ɗin fata sun koma takalmin gudun daji. Altra Lone Peak na cikin waɗanda aka fi gani a ƙafafunsu. Mun taka dutse da yashi da laka da shi, kuma mun ga ya cancanci kuɗinsa, amma ba ga kowace ƙafa ba.

Ƙafa ɗaya ta maza tana da nauyin wajen giram 300, but ɗin fata kuwa yakan ninka haka. Mai cin kilomita 25 a yini yana ɗaga ƙafa fiye da sau dubu talatin, saboda haka da la'asar cinya ce ke ba da shaidar bambancin.

Abin da ya fi burge mu shi ne faɗin gabansa. Yatsu suna bajewa yadda suke so, ƙaramin yatsa ba ya gugar gefe, bororo yana raguwa. Duk da haka a ƙara rabin lamba ko lamba guda kan wadda aka saba sawa, domin ƙafa tana kumbura bayan kwanaki ana tafiya. A gwada shi da yamma, da irin safar da za a yi tafiyar da ita, a tabbatar akwai tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin. In babu wannan tazarar, a gangara farce zai riƙa dukan gaba har ya yi baƙi ya fita. Faɗin nan yana da nasa aibi: mai siririyar ƙafa zai ji tana yawo a ciki in ana ratsa gefen tudu. Zura igiya ta ramin ƙarshe na sama a ɗaure diddige tamau yana rage matsalar.

Inda mutane suka fi jin jiki shi ne shimfiɗar ƙasansa. Yawancin kambas diddigensu ya fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, shi kuwa Lone Peak gaba da baya daidai suke. Wanda ya saya yau ya kama doguwar hanya gobe, agara da sha-raɓa za su ɗaure masa, don ana miƙa su fiye da yadda suka saba. A fara da tafiyar minti talatin, a riƙa ƙarawa sannu a hankali na makonni huɗu zuwa shida. Mai tsohon ciwon agara gara ya nemi Hoka Speedgoat, wanda diddigensa ya ɗan fi gabansa tudu da milimita 4 zuwa 5, soson ƙasansa ya fi kauri, ko da yake gabansa ya fi matsewa.

Kaurin ƙasan Lone Peak milimita 25 ne, kuma nan ne takalmin ke fara mutuwa. Tsakanin kilomita 500 zuwa 800 soson yakan kwanta, ko da saman na nan fes. Alamarsa: tsakuwar da da ba a jin ta sai ta fara sukar tafin ƙafa, gefen soson ya yi tamoji, in an ajiye takalmin a kan tebur ya karkata gefe guda. Shi ya sa na gwanjo yake da haɗari. A danna soson da babban yatsa kafin a biya, in bai dawo ba a bar shi. Jakar goyo da ta wuce kilo 15 tana saurin kwantar da shi, kuma takalmin ba ya tallafar idon sawu.

Robar ƙasansa, MaxTrac, tana kama busasshiyar ƙasa da tsakuwa sosai, amma a kan jiƙaƙƙen dutse tana santsi, abin da bai yi mana daɗi ba ko kaɗan. Samfurin Lone Peak 9+ mai robar Vibram Megagrip ya fi riƙo a nan.

A zaɓi samfurinsa mai saman raga maimakon mai hana ruwa shiga. In an tsallaka rafi, mai ragar yana tsanewa ana cikin tafiya, mai hana ruwan kuwa da zarar ruwa ya shiga ta sama sai ya kwana a ciki. Ragar takan fara yagewa ta wajen ƙaramin yatsa, robar hancinsa kuma ta ɓanɓare. Ɗan gam tun tana sabuwar ɗagowa yana tsayar da ita. A dajin da ke da ƙarangiya da ƙaya, ragar tana kwasar su, don haka a ɗora ɗan ƙyallen rufe idon sawu. Akwai maƙalinsa a bayan diddige.