Harsashi lamba 4 ko lamba 6, wanne ya fi dacewa da zabon daji?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Kujama, ka ce bindigarka mai baki ɗaya ce, lamba 12 a awon faɗin bututu, kuma sau uku ke nan kana harbin zabo gashi ya tashi, shi kuwa ya tsere da rauni. Kana so ka san wanne za ka riƙe tsakanin harsashi lamba 4 da lamba 6.

Idan lambar harsashi ta hau, ƙwayar dalmar da ke cikinsa ƙanƙancewa take yi. A awon Amurka, ƙwayar lamba 6 ba ta cika milimita 3 ba, kuma harsashi mai giram 32 yana ɗauke da kusan guda 250. Lamba 4 ta ɗan haura milimita 3, amma a nauyi ɗaya ba za ka samu fiye da 150 da 'yan kai ba. Na Ingila sun fi haka ƙanƙanta kaɗan, saboda haka ka duba inda aka yi harsashin.

Lamba 6 tana cika wuri. Ga fakara, hasbiya da zomo a tazarar mita 25 zuwa 30, ni ban ga na biyunta ba. Rauninta nisa: ƙwayar ba ta da nauyi, ƙarfinta na saurin mutuwa, iskar hunturu kuma tana kaɗa ta. Lamba 4 tana riƙe ƙarfi, tana ratsa gashin zabo mai kauri, sai dai ƙarancin ƙwaya yana barin giɓi. Zabo kuwa ba ya bari a matso shi, musamman bayan girbi da gona ta zama fili. Shi ya sa na fi karkata ga lamba 4, da sharaɗin bindigarka ta yarda da ita.

Bakin kowace bindiga yana da irin matsinsa, wato yadda aka tsuke ƙarshen bututun don kada ƙwayoyi su bazu da yawa. Mai cikakken matsi yana zuba kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyi a da'ira mai faɗin santimita 76 daga yadi 40, wato wajen mita 37. Wanda ba shi da matsi ko kaɗan, kashi 40 ne. Da lamba 4, wannan ƙwaya 60 ke nan kacal a da'irar da zabi biyu za su tsaya a ciki.

Na ga haka da idona a gonarmu. Na farke kwalaye, na kafa a jikin tudun ƙasa inda babu mutum ko dabba a baya, na zana da'ira da gawayi, na yi harbi uku-uku da kowane iri, ina sauya kwali. Lamba 4 ta wani kamfani ta bar fili a tsakiya wanda tafin hannuwana biyu suka shiga ba ko huda ɗaya. A ranar na gane abin da ya sa nake raunata tsuntsu ya je ya mutu a ciyawa ba a yanka ba, abin da har yau yake damuna. Lamba 4 ta wani kamfanin daban, a bindigar nan dai, ta bazu daidai kamar an yayyafa gero. Kai ma ka yi haka, ka ƙirga huda, ka lura ko tarin ya karkata sama ko gefe. Idan lamba 4 ta bar maka giɓi, koma wa lamba 6 ka rage tazara.

Kafin ka saya, karanta abin da aka buga a gindin bututun. Idan an rubuta 70, wato tsawon mazaunin harsashi a milimita, kada ka sa harsashi mai tsawon milimita 76. Zai shiga, bindiga ta rufu lafiya, domin tsawon da ake nufi na kwanso ne bayan ya buɗe, kuma a nan haɗarin yake. Tsohuwar bindiga mai matsattsen baki kuma kada a ba ta ƙwayar ƙarfe, tana iya kumbura bututu. Harsashin da ya sha damina a ɗaki mai laima ma ba ya ba da sakamako iri ɗaya.

Ka riƙe lasisinka a jiki, ka sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona kafin gwajin, domin a halin da ake ciki ƙarar bindiga a bayan gari tana tayar da hankalin jama'a.